Wa Ke Gwada Waya Kafin Ka Saya?

A Jamus ba a cika sayen na'ura da ka ba. Mutum zai so waya ko kwamfuta ko ɗan abin sauraro na kunne, sai ya fara tambayar maki nawa ta ci. Makin nan ba kamfanin da ya ƙera ta ne ke bayarwa ba, ba kuma mai shago ba. Aikin wata gidauniya ce mai suna Stiftung Warentest, wadda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1964 da amincewar majalisar dokoki, mazauninta kuma yana Berlin. Ma'aikatanta kan shiga shago kamar kowa, su saya da kuɗin gidauniyar ba tare da sun bayyana kansu ba, don kada kamfani ya zaɓo musu ta musamman. Mujallarsu, wadda ke fitowa tun 1966, ba ta karɓar talla ko ɗaya.

Idan waya ta shiga hannunsu ta shiga uku. Akwai wata ganga mai juyawa da ake jefa ta ciki, ta riƙa faɗowa daga tsayin santimita 80 har sau 100, sannan a duba ko gilashin ya tsage. A yi mata yayyafi, a kunna ta har batirin ya mutu ana kallon agogo. Daga ƙarshe a ba ta maki irin na makarantunsu, inda 1 ne mafi kyau, 5 kuwa faɗuwa ce. Kamfanin da kayansa suka ci maki mai kyau har tambarin yake bugawa a jikin kwali. Ga masu ƙwaƙwa kuma, waɗanda ke harhaɗa kwamfutarsu da hannunsu, akwai mujallar c't da ake bugawa a Hanover tun 1983, da Tom's Hardware wanda wani likita Bajamushe, Thomas Pabst, ya fara a 1996. Su har zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta da yawan wutar da take sha da ƙarar fankarta suke aunawa.

Wanda ya zauna nan Jamus kamar ni ya ga wannan tsari zai iya cewa mu a garinmu Dogon Daji, a ƙasar Sakkwato, ba mu da masu gwaji. Ni ban yarda ba. Muna da su, ba a dai kiransu da wannan suna ne.

Na farkonsu mai caji ne. Ka tsaya bakin shagonsa ranar kasuwa ka ga allon katako cike da soket, wayoyi jere kowace da 'yar lamba liƙe a bayanta, mai ita ya tafi da ɗan katin da ke ɗauke da irin lambar. Janareta na ruri a bayan shago, ko faifan sola a kan kwano. Wayoyin da ke ratsa hannun mutumin nan a wata guda sun fi waɗanda wani marubucin mujalla zai taɓa a shekara. Ya san wadda ake kawowa da safe ta sake dawowa kafin la'asar. Ya san wadda batirinta ke kumbura har ya ɗaga murfi, da wadda bakin cajinta ke sakwarkwacewa sai an tokare waya da tsinke. Kusa da shi ga mai gyara, wanda ya san sikirin ɗin da za a samu a Sakkwato yau a dawo da shi gobe, da wanda sai an aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a jira mako. Sannan ga ɗan kabu-kabu da ke shiga ƙauyukan wajen Kebbe, shi zai gaya maka wayar da ke riƙe sabis idan an bar titi, da wadda ke makancewa da zarar eriya ta ɓace wa ido.

Tambayoyinmu ma daban suke. Tana riƙe caji? Layi nawa take ɗauka? Idan na kunna karatu a gona zan ji daga kunya ta biyar? In ta fashe akwai kayan gyaranta? In na matsu, nawa za a saye ta a hannuna? Wannan ta ƙarshe ba ta cika damun mai gwajin Jamus ba, alhali a wurinmu waya ajiya ce. Mutum kan sayar da ita ya sayi taki ko ya biya kuɗin magani, idan hali ya samu ya sayi wata.

Akwai wata waya da na aika wa kawuna, wadda ta ci maki mai kyau a nan Jamus, musamman wajen hoto da jure ruwa. Da bazara ta kama sai ƙanena ya kira ni. "Yaya, wagga waya ta Kawu ba ta son rana. In an kai ta caji da azahar sai ta rubuto ta yi zafi, ta ƙi ɗauka. Mai caji ya ce a riƙa kawo ta bayan isha'i." Na ce masa ai ba jabu ba ce. Ya ce, "Shi ma bai ce jabu ta ba. Cewa ya yi ba a yi ta don nan ba."

Gaskiyar mai cajin ce, kuma kamfanoni ba su ɓoye ta ba. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da iPhone a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35. A ƙasar Sakkwato kuwa zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano da wayoyi hamsin ke shan wuta lokaci guda. Batirin litiyam ba abin da ke tsufar da shi da wuri kamar caji cikin zafi. Awon da aka yi a ɗaki mai sanyi a Turai gaskiya ne, amma gaskiyar wancan ɗakin ce. Haka lambar nan ta IP68 da ake bugawa a kwali: 6 ɗin na ƙura ne, 8 ɗin na ruwa. Masu sharhi a nan kan ruwa suke tsayawa, suna nutsar da waya a kwano suna ɗaukar bidiyo. Mu kuwa 6 ɗin ne namu, don ƙurar hunturu ce ke toshe sifika da bakin caji tun kafin waya ta ga damina.

Waɗanda suka saurari irin tambayoyinmu su ne suka ci kasuwa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Cana, mai Tecno da itel da Infinix, ya shigo da waya mai layi biyu, da babban batir, da kyamarar da aka saita don fitar da fuskar baƙar fata, ya kuma buɗe wuraren gyara na Carlcare. Yau shi ke kan gaba a kasuwar wayar Afirka. Amma da wuya ka ga wayoyinsa a shagunan Jamus, don haka da wuya su shiga waccan ganga mai juyawa. Wayar da ta fi yawa a aljihun mutanen garinmu ita ce wadda masu awo na gaskiya suka fi ƙarancin aunawa.

To amma ba zan yi wa tsarinmu kwalliya ba, domin yana da rauni babba, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa. Gwajinmu sai bayan an yi asara yake fitowa. Kafin mai caji ya gane cewa wani samfuri ba shi da kirki, mutum goma sun riga sun saya. Ilimin kuma a kansa yake zaune. Idan ya bar sana'ar ya tafi ci-rani, ya tafi da shi. Abin da aka gano a Dogon Daji ba ya isa Tambuwal sai in wani ya kai labari a mota.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙananan kaya. Ɗauki memori. Mutum ya sayi wanda aka rubuta wa giga 64, ya kai wa masu turi su cika masa da tafsiri da waƙoƙi da hotunan bikin 'yarsa. Waya ta nuna masa 64 ɗin cif. Bayan kwanaki fayil ya ƙi buɗewa, domin a zahiri giga 8 ne aka yi wa dabara ya riƙa faɗin ƙarya, duk abin da ya wuce nan kuma ya salwanta. Ido ba ya gane wannan, gogewa ma ba ta ganewa. Amma akwai wata 'yar manhaja kyauta, H2testw, da Harald Bögeholz na mujallar c't ya rubuta: tana cika katin da bayanai har maƙil, ta sake karantawa, ta faɗi ainihin abin da ya ɗauka. Duk mai turi da ke da kwamfuta zai iya sa ta.

Haka fawa-banki. Ko na gaskiya ne mai 20,000 mAh ba zai cika waya mai 5,000 sau huɗu ba, saboda wani kaso na wutar yana tafiya wajen ɗaga ta daga bolt 3.7 zuwa 5 da kuma zafi. Sau biyu da rabi zuwa uku za a samu. Wanda bai san haka ba zai zargi mai gaskiya, wanda aka sayar wa na jabu kuma ba shi da hujjar da zai riƙe. A Jamus doka ta ba mai saye shekara 2 na haƙƙin komawa idan kaya na da aibi, da kwana 14 na mayarwa idan ta intanet ya saya. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi takardar da ke nuna daɗewar batir, da jure faɗuwa, da sauƙin gyara. A kasuwanninmu sau da yawa hukuncin guda ne: an gwada a gabanka ta kawo wuta, ka fita shago, shi ke nan.

Matasanmu sun fara sharhin waya da Hausa a YouTube da TikTok, kuma ina murna da haka. Sai dai mafi yawan abin da nake gani buɗe kwali ne da karanta abin da kamfani ya rubuta a jiki. Wannan talla ce, ko da ba a biya ba. Idan kuma kyauta aka ba ka wayar, haƙƙin mai kallo ne ka faɗa masa tun farko.

Abin da nake so a ɗauka daga nan ba ginin ɗakin gwaji ba ne, ɗabi'u biyu ne: auna abu da na'ura, da rubuta shi da kwanan wata. Akwai ɗan ma'aunin da ake soka tsakanin caja da waya, bai fi yatsa biyu ba, yana nuna yawan wutar da ta shiga. Da shi mai caji zai iya cewa wannan batir da aka rubuta wa 5,000 yanzu 3,000 yake ɗauka. A haɗa masa da littafi: samfurin waya, watan da aka saye ta, abin da ya fara lalacewa, kuɗin gyara. A auna a bazara, a sake aunawa a hunturu. Masu caji na Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe su riƙa tura wa juna abin da suka gani ta saƙon murya, tunda da yawa daga masu saye sun fi sauraro a kan karatu. Wanda ke sayar da waya a gefen cajin kuwa, a karɓi lissafinsa, amma a rubuta kusa da sunansa cewa yana sayarwa.