Kwana Tara Da Kyamara A Kudu

Alhamis, Inugu

Na sauka a tashar Holy Ghost da hantsi, ƙafafuna a kumbure saboda kwanan mota daga Kano. Yaron Alhaji ya tarye ni, ya kai ni masauki a Ama Hausa. Aiki uku ne ya kawo ni: biki a nan, karɓar bashin wani albam a Anaca, sai suna a Fatakwal.

Alhaji dillalin shanu ne, ya fi shekara talatin a garin nan, 'yarsa ta uku zai aurar. Bayan la'asar na fito da takardar yarjejeniya, shafi ɗaya tak. Ya kalle ta, ya kalle ni.

"Haba ɗana, takarda tsakanina da kai? Ni da mahaifinka fa a kara muka saba."

Na ce Baba, ba don rashin yarda ba ne, don mantuwa ce. Na karanta masa: kuɗin aiki, yawan hotunan da za a wanke, ɗakunan da zan shiga da waɗanda ba zan shiga ba. Duk ya gyaɗa kai. Da na zo layin ƙarshe, wanda ya ba ni damar sa wasu hotunan a shafina na Instagram don talla, sai ya ɗaga hannu.

"Wannan a cire. Iyalina ba kayan talla ba ne."

Na soke layin da biro, ya sa hannu da ajami. Raina bai so ba, don bikin manya irin wannan shi ke jawo wa mai hoto kasuwa.

Juma'a

An ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci, a babban masallacin titin Owerri. Tun kafin huɗuba na sami na'ibin liman na nemi izini. Ya ce ban da lokacin salla, ban da walƙiyar fitila a fuskar dattawa. Sharuɗɗa biyu, kuma na kiyaye su. Masallaci kowa na shiga, amma yana da masu kula da shi, kuma su ke faɗin abin da za a yi a cikinsa.

A waje kuwa titi ne na kowa. Na ɗauki dandazon mutane, da masu rabon goro da dabino, da wani maƙwabci Ibo da ya sha jar hula ya zo taya Alhaji murna. Wani tsoho ya kama hannuna ya ce in ɗauka da kyau, garin nan magajin garinsa na farko Malam Umaru Altine ne, Bafulatanin Sakkwato, a shekarun 1950. Wani kuma ya kare fuskarsa da hula. Na sauke kyamarar har ya wuce. Ban san wata doka da ta hana ni ɗaukarsa a kan titi ba, amma mutumin da yake neman abinci a garin da ba nasa ba yana iya samun dalilin da ba sai ya faɗa mini ba.

Asabar

Yau ce mai wuya.

Liyafa a wani ɗakin taro na haya. Ina shiga manajan wurin ya tare ni, ya ce duk mai hoton da ba nasu ba sai ya biya kuɗin shiga da kyamara. Na kira ƙanin ango, aka duba takardar hayar, sai ga sharaɗin a ciki, ba wanda ya karanta. Aka biya. Ban yi gardama ba, don mutumin yana kan gaskiyarsa: wurinsa ne, yana iya gindaya sharaɗi, yana iya cewa kada a ɗauka, yana iya cewa in fita. In na ƙi fita bayan an ce in fita, na zama mai kutse, ko da katin gayyata a aljihuna.

Amma ikonsa yana da iyaka, kuma da idona na ga inda aka tsallake ta. Akwai yaran nan masu hoton nan-take, waɗanda ba a gayyace su ba, su ɗauki baƙi a bakin ƙofa su ruga su wanke su dawo su sayar kafin a tashi. Ɗaya daga cikinsu ya sulale ya shiga ciki. Masu gadi biyu suka damƙe shi, ɗaya ya fizge kyamarar daga wuyansa har igiyar ta yanke shi a ƙeya, yana ƙoƙarin zare katin ajiyar hotunan. Yaron bai fi shekara goma sha tara ba, jikinsa sai rawa yake. Na shiga tsakani na ce su fitar da shi, wannan haƙƙinsu ne, amma su ba shi kayansa. Mai gadi ba alƙali ba ne. Hayar ɗaki ba ta ba kowa ikon ƙwace dukiyar wani ko goge abin da ke cikinta da ƙarfi. In akwai ƙorafi a kan hoton, akwai 'yan sanda, akwai kotu. Sai da ƙanin ango ya sa baki suka sake shi. A waje na ce masa ya goge na matan da ya ɗauka a ciki. Ya goge da hannunsa ina kallo.

Wajen kamu ban shiga ba, haka takardarmu ta ce. Ƙanwar amarya na ba wa ƙaramar kyamara na nuna mata inda za ta danna. Da dare ina duba abin da ta ɗauko sai na ga wata Hajiya mayafinta ya zame tana tsakiyar rawa, tana dariya har da hawaye. Hoton ya fi duk na ranar kyau. Na kai wa uwar amarya ta gani, ta ce, "Yi wa Allah ka share, mijinta ba zai ji daɗi ba." Na share.

Lahadi, hanyar Anaca

Muka bi ta Ugwuoba, inda kasuwar shanu take, muka wuce Amansea da Awka. Kyamara tana can ƙasan jaka. Na san kakakin rundunar 'yan sanda ya taɓa faɗa a fili cewa ɗaukar ɗan sanda a bakin aiki ba laifi ba ne. Na kuma san akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962 da ta hana ɗaukar wuraren tsaro da aka keɓe. A shingen da ke da buhunan yashi da bakin bindiga ba na tsayawa tantance wanne ne ya shafe ni. Na isa kafin magariba, na sauka wajen wani ɗan garinmu kusa da titin Bida.

Litinin

Ba fita. Tun watan Agustan 2021 da aka fara zaman gida na ranar Litinin a wannan yanki, mai masaukina ya ce shi dai bai ƙara buɗe rumfa a ranar ba. Muka wuni a tsakar gida, ana ta shayi.

Zaman ya sa na buɗe dokar haƙƙin mallaka a waya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar. Rabinta na sani, rabin da ke mini daɗi. Wanda ya danna kyamara shi ne mai hoton a idon doka, ba sai ya yi rajista ba. Kariyar shekara 50 ce. Mallakar ba ta komawa hannun wani sai da rubutu, don haka biyan kuɗin aiki kaɗai bai sayar da ita ba. Wannan nake faɗa wa duk angon da ya ce shi ya biya, komai nasa ne.

Sai na kai sashe na 28, na karanta shi sau uku. In mutum ya ɗauke ka ka yi masa hoto don harkar gidansa, irin biki ko suna, to yana da izinin amfani da hoton ga duk abin da ba kasuwanci ba. Kuma yana da ikon hana a buga shi, ko a baje shi, ko a watsa shi ga jama'a, sai in kun yi wata yarjejeniya daban. Ashe layin da Alhaji ya sa na soke ranar Alhamis ba alfarma na yi masa ba. Ko da babu layin gaba ɗaya, ikon hanawa yana hannunsa.

Na buɗe shafina na gangara ƙasa. Amare ne birjik, na shekara shida. Wasu na tambaye su. Da yawa ban tambaya ba, na dai ɗauka tunda hoton nawa ne shi ke nan. Ga sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ya kare sirrin mutum da gidansa, ga dokar kare bayanan mutane ta watan Yunin 2023, wadda fuskar da za a iya ganewa take cikin abin da ta tsare. Amma ba tsoron kotu ne ya hana ni cin tuwon dare ba. Wata amarya ce daga Zariya, na san aurenta ya mutu shekara biyu da suka wuce, ga ta nan har yanzu a shafina tana riƙe da hannun mutumin, mutane suna ta yabawa a ƙasa.

Talata

Na shiga babbar kasuwa karɓar bashina, na samu rabi. A hanyar fita, a layin masu leshi da mayafai, na yi turus. Wani ƙaton allon talla a saman wata rumfa, amarya cikin mayafi ruwan zuma, kanta a sunkuye. Hotona ne, na bara, a nan garin na ɗauke shi. An yanke sunana daga gefe, an sa lambar wayar mai rumfa.

Mai rumfar bai yi musu ba. Ya ce ƙanin angon ne ya turo masa, abokin cinikinsa ne, kuma mayafin a wurinsa aka saya. Na ce masa abu biyu aka taɓa a nan. Nawa: izinin da masu biki ke da shi bai kai ga talla ba, kuma doka ta ba ni haƙƙin a ambaci sunana. Na yarinyar kuma ya fi nawa nauyi, don ita ce take rataye a kasuwa, dubban mutane na wucewa ƙarƙashinta kullum, ba ta ma sani ba.

Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke saurarenta, akwai kuma hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa da ake kai wa ƙorafi. Kuɗin lauya zai ninka kuɗin hoton sau da yawa, ni kuma gobe zan bar garin. Mai masaukina ya kira wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, shi kuma ya kira shugaban layin. Aka zauna a kan benci, aka kira angon a waya. Da ya ji matarsa ce a allon, muryarsa ta canja. Kafin la'asar yara biyu sun hau tsani sun sauke shi. Mai rumfar ya miƙo mini kuɗi, na karɓi na hoton, na ce allon a naɗe a kai wa mijinta.

Laraba, hanyar Fatakwal

Ta Owerri da Elele. Ruwa tun daga Ihiala har Rumuokoro. Na naɗe jakar kyamara a leda biyu.

Alhamis, Diobu

Suna a wani gidan haya a Mil Uku, tsakar gida ɗaya, ɗaki goma sha biyu, ƙabila huɗu ko biyar. An yanka rago tun da sassafe, wanzami ya yi aski. Mai jego ta ce in ɗauki jaririn amma kada ya fita daga albam, na ce haka za a yi, na rubuta mata a takarda.

Wahalar gidan haya ita ce tsakar gidan ba ta mai suna kaɗai ba ce. Yaran maƙwabta suka yanyame ni, kowa na son a ɗauke shi. Sai da na bi ƙofa ƙofa na tambayi iyayensu mata. Uku suka yarda, ɗaya ta ce a'a, ta janye 'yarta ciki. A hoton taron gaba ɗaya na matsa gefe yadda ƙofarta ba za ta fito ba.

Uban jaririn ya so a kawo jirgin nan marar matuƙi a ɗauko gidan daga sama, ya ga ana yi a bukukuwan Abuja. Na ce masa, Yaya, wannan sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma daga sama banɗakin maƙwabtanka marar rufi za a fara gani. Ya yi shiru, ya ce a bar shi.

Juma'a

Motar Kano sai yamma. Bayan na dawo daga masallaci na zauna a shagon wani mai shayi da littafin da nake rubuta lambobin masu biki, na fara kira daga na farkon shafi.

Wani ango ya ce in bar su, shi ma yana nuna wa abokai. Wata lambar ba ta shiga. Wata Hajiya ta ce ba ta ma san suna can ba, ta yi salati, ta ce in sauke yanzu tana kan layi. Na sauke tana ji.

Ta Zariyar ce ta biyar. Na gaishe ta, na faɗi sunana, na ce Anti, hotunan bikinki suna shafina tun lokacin, ban taɓa tambayarki ba, ki yafe ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin kukan yaro a bayanta. Sannan ta ce akwai guda ɗaya na hannunta da lalle, wanda fuska ba ta fito ba, mahaifiyarta ce ta zana mata shi kafin ta rasu. Wannan in turo mata, don nata ya ɓace da tsohuwar waya. Sauran in cire.

Na tura mata, na cire sauran. Yaron mota ya leƙo ya ce an fara lodi. Na sa biro a shafin da na tsaya, na rufe littafin.