Tsofaffin Lautai a Kan Takarda

Da hunturu na zaga masarautar Gumel, wadda ake wa laƙabi da Lautai, tare da wani ɗalibin zane daga Zariya. Kayan aikinsa takarda mai kauri ce, da burushi, da ɗan akwatin fentin ruwa. Fuskokin tsofaffi yake nema, irin yadda masu zane a Indiya ke bin dattawan ƙauyukan Gujarat saboda manyan rawunansu.

A Gagarawa da Sule Tankarkar ba mu daɗe ba. Ana aikin riɗi da zoɓo, babu mai lokacin zama, wani malami kuma ya ce shi dai ba a suranta shi. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, a bakin iyakar Nijar, ita ta ba shi aiki. A karar raƙuma Buzaye sun naɗa turkuɗi, baƙin yadin nan mai sheƙi da ake rinawa a Kura, shunin har ya zuba musu a kunci. Ga Fulani da malafa da sanda. Ga dattawan Mangawa da tsagar gado, wadda da wuya ka gani a fuskar jikokinsu. Mangawa, dangin Barebari, su suka kafa sarautar Gumel wajen 1750, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Borno ta bi.

Iskar hunturu ba ta raga wa fentin ruwa. Kafin ya gama kunci ɗaya launin ya bushe, ƙura ta hau takardar.

A Gumel ya hango wani tsoho mai sayar da igiya, rigarsa duk faci, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nemi izini.

"Da wannan tsumman? Haba samari, jira ni."

"Ai Baba, haka ɗin ya fi kyau."

"Ya fi kyau a wurinka."

Ya aika jikansa gida, aka kawo babbar riga mai aska takwas da farin rawani, suna ƙamshin adaka. Ya naɗa, ya gyara zama, ya ɗaure fuska. Ran abokina ya ɗan sosu, don facin yake so. Ni kuwa bayan tsohon nake: baƙo ne ke ganin ado a tsumma, mai shi ya san talauci ne. Da aka gama ya duba, ya ce an rage masa gemu, sai da aka ƙara.