Kanya a damina: mu muna dawowa, malamanmu suna tafiya

Ƙarshen watan Yuli ne muka baro Zariya, mu uku 'yan ƙasar Zuru, muka biyo ta Kontagora da Rijau. Duk wanda ya san Kanya da rani kawai bai san ta ba. Da damina dawa da masara sukan rufe gefen hanya har a kasa hango rufin gidaje, ƙasa ta yi laushi, babur ya riƙa zamewa, fasinja na salati.

A tasha muka ci karo da malamin da ya koya mana lissafi a firamare, riƙe da jaka da ƙullin garin tuwo. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Malam, ina zuwa da damina haka?"

"Inda kuka baro," in ji shi. "Ni ma ɗalibi ne yanzu."

Ashe karatun dogon hutu yake yi a Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar Ilimi ta jami'ar, da ke Samaru, takan karɓi malamai masu takardar NCE idan an rufe makarantu, su yi 'yan makonni ana ba su darasi safe da yamma, su rubuta jarrabawa, su koma aji. Haka za a yi ta tara makin kwasa-kwasai, hutu bayan hutu, har digiri ya cika. Wasu kuma sukan bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976.

Mu da iyaye ke biya wa kuɗin makaranta sai muka ji kunya. Dogon hutu a Kanya ai lokacin noma ne. Malamin da ya tafi a Agusta ya bar maimai ke nan, ya bar sa taki, kuma albashin firamare ba ya ciyar da gida sai da rumbu. Ga kuɗin mota, ga hanyar da ba a bin ta bayan la'asar saboda 'yan bindiga. Ya ce shanun huɗa ma haya ya yi, ya bar wa ƙanensa amanar gonar.

Har mota ta cika yana tambayar mu inda ake samun abinci mai araha a Samaru. Muka yi masa kwatance, ya rubuta a bayan littafinsa da jan biro, irin wanda yake yi mana maki da shi.