Lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfuta

Na daɗe ina lura da yadda muke sayen kwamfuta a yankinmu na Gwarzo da Kabo. Mai shagon buga takardu ko mai shirin buɗe cibiyar koyar da ɗalibai zai tafi Kano, ya nufi titin Beirut, ya yi ta tambaya kan gudu da girman ma'aji. Amma akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sassan na'urar, tambaya ɗaya ake yi a kansa: wat nawa ne? In aka ce 500, sai a ga ya fi mai 300, a biya a tafi.

Wannan lamba iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ce kawai. Kwamfutar ofis da ake rubutu da buga takardu da ita tana jan abin da take buƙata ne, ko an sa mata akwati mai wat 300 ko mai 700. Tamkar tanki ne: girmansa ba ya nuna yawan ruwan da gidan ke sha.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da lambar ba ta faɗa. Wutar bango a Najeriya mai volt 230 ce, sassan kwamfuta kuwa 12 da 5 da 3.3 suke so. A wajen wannan sauyi wani kaso na wutar yana zama zafi, ya salwanta. A ɗauka kwamfuta na buƙatar wat 200. Akwatin da ke isar da kashi 90 cikin 100 zai ja wat 222 daga bango, wanda ke isar da kashi 70 kuwa zai ja kusan 286. Bambancin wat 64 ne a na'ura guda. A ɗakin da ke da kwamfuta goma ya zama wat 640, kusan ƙarfin ƙaramin janareta sukutum, yana ƙona mai don ɗumama ɗaki a watan Afrilu.

A inda wuta ke tsayawa, ana iya kau da kai daga wannan asara. A garuruwanmu kuwa, inda wutar KEDCO ke zuwa ta tafi, kowane wat ana biyansa ne da fetur ko da batirin sola, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san farashinsa. Ga shi JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, don haka ɗalibin Getso ko Garo dole ya samu inda zai koya. Idan kuɗin mai ya cinye ribar cibiya, ko dai a ƙara wa ɗalibi kuɗi ko a rufe ƙofa.

Shawarata ga mai saye uku ce. Ya nemi tambarin 80 PLUS, tsarin da aka fara a 2004, wanda ke nuna akwatin na isar da aƙalla kashi 80 cikin 100. Matakansa na Bronze da Gold sun fi haka. Sannan ya karanta layin volt 12 a takardar jikin akwatin, domin daga nan manyan sassa ke sha. Ya ninka 12 da adadin amfiya: in ya ga amfiya 18, wat 216 ke nan, ko da an rubuta 500 da manyan baƙaƙe. Na uku, ya zaɓi akwatin da aikin yau da kullum zai ci kusan rabin ƙarfinsa, domin a nan ya fi tsimi. Bayan saye kuma, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarsa.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen akwati mai araha da babbar lamba bai ma san rariya ya saya ba, sai ƙarshen wata in ya zauna lissafin mai. Minti biyu na karanta takardar jikinsa a shago sun isa su raba shi da wannan asara.