Ƙarfen da Ba Ya Gargaɗi

Ƙarfe nagari yakan yi gargaɗi kafin ya gaza: ya lanƙwashe, ya miƙe, ya ba mutane damar kaucewa. Wanda ya yi gautsi kuwa ɓallewa yake yi farat ɗaya, kamar tangaran. Shi ya sa ba na iya wuce hasumiyar tankin rijiyar burtsatse a ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Darini, ban duba gaɓoɓin waldarta ba. Tanki mai lita 5,000 tan biyar na ruwa ke nan a sama, yara kuma na jere da jarkokinsu a ƙarƙashi.

Injiniyoyi sun koyi wannan darasi ne a teku. A watan Janairun 1943, jirgin dakon mai Schenectady, sabo fil, yana ɗaure a tashar Fotland ta Amurka, ya tsage kusan gida biyu cikin sanyin dare. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ya nuna cewa irin wannan ƙarfen yana komawa mai gautsi idan sanyi ya kai wani mizani. Walda kuma ta mayar da jirgin abu guda, don haka tsagar da ta tashi ba ta sami inda za ta tsaya ba.

Hunturunmu bai kai wancan sanyin ba. A ganina, babban haɗarinmu yana cikin bokitin ruwan da ke gefen mai walda. Ya gama haɗa gaɓa, sai ya kwara mata ruwa don ta huce, aiki ya yi sauri. Da haka maƙeri ke taurara bakin gatari, kuma yana sane da abin da yake yi. A ƙafar hasumiya, taurin nan gautsi ne, musamman idan ƙarfen mai yawan kabon ne, irin rodin da aka narko daga tarkacen ƙarafa, wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Sandar walda da ta sha laimar damina ita ma tana cusa iskar haidurojin cikin gaɓar, tsaga ta ɓullo bayan kwana ɗaya ko biyu, an riga an biya kuɗi, fenti ya rufe.

Maganin ba shi da tsada: a adana sandar a bushe, a ɗumama ƙarfe mai kauri kafin walda, a bar gaɓa ta huce da kanta, a goge duk wata kaifaffiyar kusurwa. Mai ba da kwangila kuma ya je ya ga waldar da idonsa kafin a shafa fenti.