Agogon Ƙirji

Jiya ina kwashe tarkacen tsohuwar adakata, can ƙasa a cikin wani fatari da asu ya gama da shi, na tsinci agogon nan da ake maƙalawa da fil a gaban riga, mai kifaffiyar fuska don mai shi kaɗai ta karanta in ta sunkuyar da kai. Na murɗa ɗan kansa, na kara a kunne. Shiru.

Na ce da kaina, ke kuwa yarinya, wa ya aike ki? Shekara 17, ko tuwon mutum goma ba ki iya tuƙawa ba, kika tsaya kai da fata sai aikin asibiti, ba don komai ba sai don kin ga wata sista ta sauko daga kan keke da farar riga mai sitaci da 'yar hula kamar tattabara ta sauka a kanta. Baba ya rantse 'yarsa ba za ta kwana cikin maza tana kwashe musu fo ba. Baffa Malam ne ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, "Yaya, ai tun kafin Bature ya san wannan aiki Rufaida ta kafa tanti a masallacin Madina, kuma wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a Yaƙin Gwalalo." Baba bai amsa ba. Washegari ya miƙo mini sule goma na mota.

Na tafi da zaton ranar farko za a danƙa mini allura. Aka ba ni tsumma da bokitin ruwan Izal. Watannin Fi-ti-es, wato horon farko, kaf gado muke gyarawa: a shimfiɗa makintosh, a ja zanin gado har ya yi tsam, a naɗe kusurwa kamar ambulan, Mataron ta zo ta ja da yatsa ɗaya ta warware, a sake. Muka koyi yi wa mutum wanka yana kwance ba tare da an yaye masa sutura gaba ɗaya ba, da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu, a murza masa baya da sifirit da hoda kada kwanciya ta ci masa fata. Ni da na zo neman allura.

Da la'asar sista mai koyarwa takan rubuta shekaru a allo mu yi haddarsu kamar karatun zaure. 1854, Florence Nightingale ta isa barikin Scutari da mata 38 lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cuta da ƙazanta sun fi harsashi kashe soja. 1860, ta buɗe makaranta a asibitin St Thomas na Landan. Sai kafa hukumar da za ta yi mana rajista in mun ci jarrabawa. Takan ƙara da Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a waccan makaranta ta Landan ɗin ta dawo ta shugabanci nas-nas na ƙasar nan, sai mu dubi juna muna gyara hula. Da aka zo kan iska da haske da tsabta da abinci da rage hayaniya a kan majinyaci, raina ya ce ai wannan Kaka ce, da take ɗage asabari ta share ɗaki ta dama kunun tsamiya ta kori yara in wani ya kwanta. Ban faɗa a aji ba. Wa ya isa?

Allurar ma da ta zo, da wahalarta ta zo. Sirinjin gilas ne, a tafasa shi a kan risho, a wasa tsinin allura a dutse in ya dakushe, a goga a auduga a ji ko zai kama. Fitsari kuwa a ɗiga shi a wani shuɗin ruwa a ɗora bisa 'yar wuta, in ya juye ja kamar jar ƙasa, to akwai sukari. Hannuna kullum da shunin jibi da aidin, har Inna takan ce na koma marina. Na taɓa fasa ma'aunin zafi garin kaɗa shi, na durƙusa ina bin ƙwayoyin nan masu sheƙi suna tsere mini a kan siminti, ina kuka ina lissafin abin da za a yanke a ɗan alawus ɗina.

Sai kwalara ta 1971. Gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, kwalaben ƙarin ruwa rataye har a ƙusar bango, fitilar ƙwai tana hayaƙi, warin kananzir ya gauraya da wani ƙarni da har yau ban sami sunansa ba. A nan agogon ya fara aikinsa na gaske. Yatsu uku a wuyan hannu, ido a ƙirji, a ƙirga na minti guda. Akwai wani tsoho da jijiyarsa ta koma kamar zaren gizo, na zauna gefensa ina ɗura masa ruwa cokali-cokali, shi kuwa duk farkawa sai ya ce, "Jikanya, asuba ta yi?" In duba in ce, "Da saura, Baba." Sau nawa muka yi haka, Allah kaɗai ya sani. Ya tashi kuwa. Ranar da aka sallame shi ya kwance bakin rawaninsa ya ba ni goro ɗaya, fari.

Ɗazu jikana ya shigo gaishe ni, na kama hannunsa ina sa masa albarka. Can na ji ya ce, "Hajiya, lafiyata ƙalau fa." Ashe yatsuna uku sun zame zuwa wuyan hannunsa, leɓena na motsi, na sunkuyar da kai ina duban gaban rigata.