Daga Kaliforniya zuwa Ɗan Barto: wa zai riƙe mana kuɗi?

A watan Oktoba na shekarar 2024, kamfanin Google na ƙasar Amurka, wannan da ake yi wa kowace irin tambaya a intanet ya ba da amsa, ya shiga sahun waɗanda suka haɗu suka zuba dalar Amurka miliyan 110 a kamfanin Moniepoint na Najeriya. Labarin bai yi ƙara a nan ƙasar ba, jaridun Yamai suna da abin da ya fi damun su. Amma duk ɗan kasuwar da ke ƙetare Ɗan Barto, ya bi ta Kongolam zuwa Daura ko Kano, ya san ƴar shuɗiyar na'urar nan da ake zura wa kati, wadda ke kan teburin mai shayi, take kuma gaban mai atamfa a Kantin Kwari. Ke nan mai amsa tambayoyin duniya ya iso bakin iyakarmu, kuma wannan karon aljihu ya zo leƙawa.

Ba yau ya fara wannan sha'awa ba. A watan Yuni na 2006 ya fito da wata hanyar biyan kuɗi ta intanet mai suna Google Checkout, domin ya kara da PayPal, wanda babbar kasuwar gwanjo ta eBay ta saye tun 2002 a kan dala biliyan ɗaya da rabi. Ko wata guda ba a yi ba eBay ta haramta wa masu kasa kaya a dandalinta karɓar kuɗi ta hannun baƙon. Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ya san wannan hali: tsohon dillali ba ya barin sabo ya kafa turke kusa da nasa. An yi shekara bakwai ana ja-in-ja, a ƙarshen 2013 Google ya naɗe tabarmar Checkout. Sai dai bai bar kasuwar ba, riga ya sake. A 2017 ya ɓulla a Indiya, inda a yau Google Pay yake cikin manyan hanyoyin biya na ƙasar, a 2022 kuma ya sayi hannun jari na dala miliyan 700 a Bharti Airtel, uwar wannan Airtel ɗin da ke aljihun da yawa daga cikinmu.

Lokacin da ake waccan rigima ta 2006 ina ɗalibi a lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, kuma kuɗin da ake aiko mini daga Dawce a ƙulle cikin tsumma suke zuwa, a hannun direban motar kasuwa. Jika biyu, wani lokaci uku, tare da ƙunshin ƙuli-ƙuli. Direban ba ya ba da takarda, ba ya karɓar la'ada, kuma ko dala ba ta taɓa ɓata ba, sabili da ya san gobe zai tsaya gaban mahaifina ya gaishe shi. Na ma'aikata kuwa da na ɗalibai masu ƴan uwa a Yamai, manda ce ta gidan waya: a cika takarda, a jira, a koma gobe. Haka dukiyar karkara take yawo tun kafin a haife mu, daga hannun wanda aka sani zuwa hannun wanda aka sani.

Mu mutanen gundumar Kance ba ma ɗaukar maganar aiken kuɗi da wasa. Ƙasarmu tana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun tsuke, gero ba ya kai wa damina a gidaje da yawa. Samari suna cin rani a Kano da Legas, wasu har Libiya; mata da yara sun san hanyar Aljeriya, kuma ba mu manta mutum 92 da aka tarar da gawawwakinsu a hamada, arewa da Arlit, a watan Oktoba na 2013 ba, galibinsu mata da yaran wannan yanki. Wanda ya tara jika goma da irin wannan wahala, kowace dala da mai aike ya yanke masa, daga tukunyar gidansu aka ɗebe ta.

To, wa ya ci kasuwar aike a Nijar? Masana daga waje sun yi zaton kamfanonin salula ne za su cinye, kamar yadda M-Pesa ya yi a Kenya tun daga 2007. An gwada. A 2010, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba tallafi a ƙauyukan jihar Tawa ta hanyar Zap na kamfanin Zain, wanda a shekarar nan ya koma Airtel. Orange da Moov su ma sun kawo nasu. Duk da haka, in ka tambayi tsohuwa a Dawce ta ina ɗanta yake aiko mata, sunayen da za ka ji su ne Al Izza, Nita ko Amana, kamfanonin ƴan ƙasa masu biro da taga da mutum zaune a bayanta. Dalilin, a ganina, a fili yake. Wanda bai yi lakkal ba ba ya son a bar shi shi kaɗai da lambobin sirri da rubutun Faransanci. Ya fi so ya faɗi sunansa a ƙirga masa takardu a hannu. Ga shi kuma manya ba su manta rushewar bankin BDRN a 1990 ba, da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da aka wayi gari kuɗin kowa ya koma rabi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Ƙetaren iyaka kuwa dole ce ta koyar da mutane abin da talla ta kasa. Babban bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000 a watan Oktoba na 2022, farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Wani ƙanen mahaifina, wanda ke kai rake da awaki kasuwar Mai'aduwa tun ina yaro, ya ba ni labarin yadda mai saye ya ce masa ba shi da ko sisi a hannu, sai dai ya tura ta waya. Baba bai da asusu a Najeriya. Sai da ya nemi wani yaro mai na'ura, aka tura wa yaron, yaron ya yanki nasa, ɗan canji ya yanki nasa, sannan abin da ya rage ya zama sefa. Ya ce mini: «Ɗana, akuya ɗaya na sayar, mutum uku muka raba.» A wannan lokacin ne OPay da PalmPay da Moniepoint suka mamaye kasuwannin arewacin Najeriya. Shi OPay ma, kamfanin Opera ne ya haife shi a 2018, wato masu manhajar shiga intanet. Da alama duk wanda ya riƙe ƙofar intanet, sai ransa ya biya ga asusun masu shiga.

Gasa ba abin ƙi ba ce. A Senegal, da kamfanin Wave ya sa la'adar aike kashi ɗaya cikin ɗari, tilas Orange ya sauko da nasa farashi a 2021, talaka ya samu sauƙi. Ina fata irin wannan ta same mu. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne irin ribar da kamfanin bincike yake nema. Lokacin Checkout, Google ya yi wa ƴan kasuwa tayi: duk wanda ya kashe dala ɗaya wajen talla a shafinsa, za a karɓar masa cinikin dala goma kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abincin Google talla ne, kuma talla ba ta tsada sai in mai ita ya san wa ke saye, me yake saye, yaushe, nawa. Da ma ya san abin da mutum yake nema. In kuɗi suka bi ta hannunsa, zai san abin da ya biya.

Wani zai ce ai dillalin kasuwar Matamai ma ya san sirrin kowa. Gaskiya ne, ya san wanda ya karye da wanda ke ɓoye dukiya. Amma dillali maƙwabci ne. In ya ci amana akwai sarkin kasuwa, akwai fadar sarkin Kance, akwai kunyar masallaci. Ɗan kasuwar da kuɗinsa suka maƙale tsakanin waya da waya, wa zai kai ƙara, da wane harshe? Malamin makarantar da ke bin hanya zuwa birni ƙarshen wata don albashinsa zai yi murna ranar da aka ce ya zauna gida kuɗi su same shi, kuma ya cancanci haka. Amma ya kamata hukumomin da ke ba da lasisi su tanadi amsar wannan tambaya kafin baƙi su iso, tun da su kamfanonin ba su za su tanadar mana ita ba.

A ƙarshen watan Satumba na 2025 bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin biya nan take wanda zai haɗa bankuna da asusun salula na ƙasashe takwas masu amfani da sefa. Ci gaba ne. Sai dai Najeriya ba ta ciki, alhali cinikinmu can ya fuskanta. Mutumin Dawce zai iya samun sauƙin aika kuɗi Dakar, inda bai san kowa ba, amma kuɗin raken da ya sayar a Mai'aduwa, tafiyar da ba ta kai yini ba, har yanzu sai sun bi ta hannun ɗan canjin da ke zaune kan benci a Ɗan Barto, da damin naira a dama, na sefa a hagu, da salula biyu a cinya.